Kiɗan da Ya Tsaya a Rabi

A gidanmu na Bukit Jalil, can ƙasar Malayu, babu murhu, babu tsakar gida, can saman bene muke, amma Kaka ba ta yarda da hira babu wuta ba. Da an idar da magariba sai ta fito da ɗan kaskonta baranda, ta hura gawayi, ta barbaɗa turare, ni da Yaya Sadik mu zauna a gabanta. Mahaifiyar Babanmu ce, ta zo daga Kano wankan jegon Mama, zama ya miƙe. Baba malamin jami'a ne, sai bayan isha yake dawowa.

A lokacin Yaya ya kwaso wata jaraba a wurin abokansa Malayu, kiɗan Turawan nan mai jita da ganguna da ihu, wanda ake kira turash metal. Wata rana Kaka ta fizge masa iyafis ɗaya.

"Maigida, me kake ji ne kake ta gyaɗa kai kamar ƙadangare?"

Ta saka a kunnenta. Ni ina jiran a'uzubillahi, wallahi sai na ji ta ce, "Kai! Mai gangar nan ba da wasa ya zo ba. Maido min shi baya."

Daga ranar hira ta sauya. Yaya ya riƙa kunna mata faifan manyan ƙungiyoyi huɗu na wannan kiɗa, yana ba ta tarihinsu, ita kuma ta raɗa musu suna. Akwai Masu Taƙama, waɗanda Yaya ya rantse faifansu na uku babu kamarsa a duniya. Kaka ta yarda, amma da ta ji na bayan da suka yi suna sai ta taɓe baki, ta ce sun ƙoshi. Akwai Mai Fushi, wanda Masu Taƙama suka kora ya je ya kafa tasa. Shi ta ce ya fi kowa hannu, sai dai yana kiɗa yana waiwaye. Masu Gudu kuwa faifansu da aka fi so gajere ne, kafin gawayi ya yi ja ya ƙare, kuma mai gangarsu ne gwaninta. Na huɗun ta kira su 'Yan Wasa. Haka za su yi ta musu, yana "No lah, Kaka," tana "Rufa min baki, yaushe aka haife ka?"

Wani yammaci ta ce, "Ga ta nan, ku buɗe kunne." Muka ce ta zo, muna ji.

Wai wani manomi ne ya kira gayya, rana ta take, matasa suka gaji. Aka kira makaɗa huɗu. Mai Taƙama ya yi kiɗa mai daɗi, sai kowa ya jingina da fartanya yana saurare. Mai Fushi ya karɓa, idonsa na kan Mai Taƙama, ya yi ta ƙulle-ƙulle har ƙafafun manoma suka harɗe. Ɗan Wasa ya ba su dariya suka zube. Mai Gudu ya kore su a guje, suka kai ƙarshen kunya ɗaya suka faɗi suna haki. Sai ga wani tsoho da 'yar gangarsa. Bai dubi kowa ba sai bayan manoma, yana bin numfashinsu.

Nan Kaka ta kifa robar wanki ta fara bugawa. A hankali ya taso, ya yi ta hawa, har na ga ƙafar Yaya tana bi ba da saninsa ba. "Da wannan aka gama gonar," in ji ta. "Tsohon nan ubana ne, makaɗin noma. Yanzu babu wanda ya riƙe kiɗansa sai ni. Maigida, kai kana da kunne, zan ba ka."

Ba mu taɓa jin wannan ba. Baba bai taɓa faɗa mana cewa jinin makaɗa ne mu ba, domin ya sha gori a kai yana yaro, har gidan su Mama sai da aka yi ta ja kafin a ba shi ita. Yaya ya fara koyo a ɓoye, kaɗan-kaɗan. Ya kama farkon, saura inda kiɗan yake juyawa, sai Baba ya dawo da wuri wata rana, da ledar abincin da ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, a hannu. Ya tsaya a ƙofar baranda.

"Hajiya, don Allah. Na kawo su nan ne su yi karatu."

Bai ɗaga murya ba. Kaka ta dube shi, ta ɗauki robar ta mayar banɗaki. Ba ta sake bugawa ba har ta koma Kano, kuma can Allah ya yi mata rasuwa. Abin mamaki, Baba bai taɓa hana Yaya jin na Turawan ba.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan a kan wanda ya fi iya kiɗa ce. Sai da na girma na gane tana faɗa mana ne cewa makaɗi don mutanen da ke gabansa yake yi, kuma mu ne mutanen da suka rage a gabanta. Har yau abin yana ci min rai.

Bara Baba ya zo duba jikoki a gidan Yaya da ke Titiwangsa, ya tsufa, ya yi sanyi. Muna shan shayi, Yaya yana ta musun faifai da ɗansa, sai Baba ya ce, "Sadik, kiɗan nan na Hajiya. Buga min."

Yaya ya buga a kan tebur har inda ya iya, ya tsaya. Baba ya ɗora yatsunsa zai ƙarasa. Ya buga sau ɗaya, ya sake gwadawa, hannun ya tsaya a sama, ragowar kiɗan ta ɓace masa.

"Na ɗauka ka riƙe duka," in ji Baba.

"Nan kika tsaya, Kaka," in ji Yaya a hankali, ba da mu yake ba. Sannan ya dubi Baba. "Nan ka shigo baranda ranar nan."