Wa Zai Tare Mana Aska Yanzu, Malama Adawiyya?

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Litinin, tara ga Rajab, bayan la'asar, ƙawata Kubura ta faɗo gidanmu ko sallama babu, ta ce, "Maman Zuhair, Malama Adawiyya ta rasu." Wai mota ce ta kife da ku a hanyar Buji, kina dawowa daga duba wani yaro mai in'ina. Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da na san zai biyo baya ne ya fara faɗo min a rai. Kuburan ce ke rubuta wannan ina faɗa, tunda ban yi boko ba, kuma na ce kar ta gyara min komai.

Malama, ke ce kike tara yaranmu duk Asabar a zauren gidanki a Limawa, masu in'ina, masu tsamin baki, da irin Zuhair ɗina da ya kai shekara huɗu bai ce "Umma" ba. Ki zaunar da su a zagaye kan tabarma, mu iyaye muna bayansu. Su hura gashin kaza, su kalli bakinsu a madubi, su miƙa wa juna ƙwallo. Wanda ƙwallo ke hannunsa shi ke da magana, ko zai kai azahar yana jan abu ɗaya, ba mai ƙarasa masa.

Ranar da na fara zuwa, Zuhair ya nuna randa, na zabura zan ɗebo masa ruwa. Kika riƙe min hijabi kika ce, "Zauna, sarauniyar gaggawa. Ke kike cinye masa maganarsa." Wallahi na ji haushinki, na ce ba zan ƙara zuwa ba. Na dawo. Aka yi watanni ba komai. Sai wata Asabar Munira, 'yar Kubura, ta riƙe ƙwallon ta ƙi saki, tana ta fama da in'inarta. Zuhair ya ƙura wa bakinta ido, ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni." Na ƙwalla ihu. Kika ce, "Kin gani? Yaro bakin yaro ɗan'uwansa yake kallo, shi ya sa nake haɗa su."

To ina masu cewa makarantar bebaye? Na gan su a wurin gaisuwa, sun cika tsakar gida suna "Allah sarki, mutuniyar kirki." Mutuniyar kirki! Ba ku ne kuke janye 'ya'yanku daga namu ba, wai in'ina ana ɗauka? Ba ku ne kuke kwaikwayon Munira in ta zo sayen mai ba? Da masu manyan riguna da suka zo suka ɗauki hoto da yaranmu, suka ce za su ba ki ɗaki da mataimakiya. Ina ɗakin? Da sun ba ki ko mutum ɗaya, da ba ke kaɗai za ki dinga bin ƙauyuka a motar kasuwa ba. Na san kwana ne ya ƙare, astagfirullah, ba da Allah nake ba. Da su nake.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Kin san Zuhair na da shekara biyu surukata, Inna, ta kawo wanzami daga Aujara ya yanke masa linzami, zaren nan na ƙarƙashin harshe, wai shi ya ɗaure maganar. Ni na riƙe masa ƙafa, Malama. Jini ya jiƙa min zani, yaro ya ƙi ci ya ƙi sha har sai da aka ƙara masa ruwa. Bara Inna ta ce wanzamin bai zurfafa ba, a sake. Ke kika zo har gida tare da mai gidanki, kika haska bakinsa da tocila a gaban babansa, kika ce harshensa lafiya lau, ba abin yanka. Baban Zuhair ya ce to, muddin ana zuwa wurinki, ba mai taɓa shi.

Ko sadakar uku ba a yi ba Inna ta aiko. Ta ce tunda Asabar yanzu ba makaranta, ranar wanzami zai zo. Ban ce ba ta son jikanta ba. Amma na roƙi Baban Zuhair, sai ya ce, "To yanzu wa zai ci gaba da koya masa? Ke?"

E, ni. Ban iya abin da kika iya ba, kuma tsoro nake ji. Amma na faɗa wa Kubura da Laraba da Hadiyya, duk mu iyayen zaurenki, Asabar ɗin nan a tsakar gidana za mu zauna da yaranmu. In wanzami zai fito da aska, ya fito da ita a gabanmu duka. In kuma aka ce in tafi gidanmu, zan tafi, amma da ɗana da harshensa yadda Allah Ya yi shi.

Allah Ya jiƙan ki, Malama Adawiyya. Ya haskaka kabarinki, Ya sauƙaƙa miki amsar tambaya yadda kika sauƙaƙa wa yaranmu magana, Ya sa Aljanna ce makomarki. Baba Malam Idirisu, mai gidanta, da yaranta, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Baba, na san kuna cikin zaman makoki, ku yafe min, amma ku kuna wurin ranar da ta duba bakin yaron nan, kuma maganarku Baban Zuhair zai ji. Don Allah ku zo ranar Asabar. Ku zo da wuri, wanzami sammako yake yi.