Sai-Jibi da Ɗigon Man da ke Tsayar da Hoto

Ƙarfe bakwai yake buɗe shago, amma ba ya taɓa aiki sai takwas. Yakan goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe taga, ya zauna yana jiran ƙurar ɗakin ta kwanta. Shagon ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, jikin shagon ɗinkin yayarsa. Shekara talatin ke nan yana wannan zama, kuma ƙarshen watan nan zai mayar wa mai bene mabuɗinsa. Ba za a yi taro ba, ba kuma za a rataya masa lambar yabo ba, don lambobin sun ƙare a wuyan masu jawabi.

Aikinsa gyaran ƙananan kyamarori ne, musamman abu ɗaya a cikinsu da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Gilasai biyu ne sirara, an haɗa bakinsu da roba mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙera, an cika tsakaninsu da wani mai garai-garai. Idan hannun mai ɗauka ya girgiza, wasu 'yan injina sai su karkata gilashin gaba, man ya lanƙwasa haske ya mayar da shi inda ya kamata, hoto ya fito tsaf. Idan robar ta tsufa man ya tsiyaye, ko ƙwayar iska ta shiga, hoto sai ya koma kamar an ɗauke shi a bayan jaki.

Sunan Sai-Jibi masu kawo gyara ne suka laƙaba masa. Sauran masu gyara kan ɗura mai su miƙa maka kayanka kafin ka gama gaisuwa. Abin da ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru, shi ne iska tana ɓuya a cikin man, ba ta fitowa sai ta ji ɗumi. Shi in ya ɗura, sai ya naɗe abin a ƙyalle ya sa a aljihun ƙirjinsa kwana biyu. In kumfa za ta fito, gara ta fito a jikinsa. Wani mai gaggawa ya taɓa ce masa, "Malam, ƙwai kake ƙyanƙyashewa?" Ya ce, "E. Sai jibi." Mutumin ya kwashi kayansa ya kai gaba. Bayan mako guda ya dawo, ya ajiye kyamarar a teburi, yana ta yaba zanen silin.

Ni ma na taɓa kai masa wata, ta marigayiya matata. Bai tambaye ni dalilin gyaran abin da ba mai ɗauka da shi ba. Wannan kaɗai ya ɗora shi sama da rabin masu zuwa ta'aziyya.

Bara hannunsa ya fara rawa. Ya ɓoye abin wata shida, yana karɓar gyaran maɓalli da murfin batir, yana mayar da aikin ɗuri da cewa babu mai. Ana nan sai ga wani mai hoto, tsohon abokin hulɗarsa, wanda ke ɗaukar wasannin ƙwallo yana kai wa wata ƙaramar jarida. Shi ma ciwo ya bar masa karkarwa a hannun dama, kuma kyamararsa ce ke rufa masa asiri har ranar da man ya tsiyaye. Editansa ya ce in hotunan Asabar suka zo a dagule, ya nemi wata sana'a. 'Ya'yansa huɗu, ba shi kuma da halin sayen sabuwar kyamara.

"Maigida, ko ka gyara ko in koma sayar da rake," in ji mai hoto.

Sai-Jibi ya ɗaga hannunsa ya nuna masa. Suka dubi hannuwan juna, su biyu, kamar masu zazzaɓi a layin asibiti.

"Bar ta," in ji Sai-Jibi. "Yau Talata."

Man da ya rage a kwalba na ɗuri uku ne, kuma an daina yin irinsa. Na farko ya gwada da kansa. Allurar sirinji ta zame, man ya bi teburi. Sai ya tashi ya leƙa shagon ɗinki. Yayar tasa ta haura saba'in, amma har yau tana zura zare a allura ba tabarau.

"Yaya, aron hannu na zo."

"Auta ke nan. Shekara talatin ba ka bari in taka ƙofarka, wai ina ɗauke da zare a jiki. Yau zaren ya zama zinariya?"

"Ki wanke hannu, ki ɗaure kanki, ki bar surutu a waje."

"Biyu dai za ka samu."

Ya zaunar da ita gaban gilashin ƙara girma. Ita ke riƙe da sirinji, shi yana tsaye a kanta yana ƙirga mata, ɗigo ɗaya, tsaya, ɗigo ɗaya. Hannunta ko gezau. Saura kaɗan su rufe sai ta hango wani silin zare ya sauka a bakin gilashin, ta yi abin da kowane tela zai yi ba tare da tunani ba: ta hure shi da baki. Tururin numfashinta ya shiga man, ya yi fari kamar ruwan wanki.

Wani mai sayar da caja da ke leƙe ta taga ya ce ya zaci za a yi faɗa. Sai-Jibi dai ya zare gilasan ya fara wankewa.

"Saura ɗaya," ya ce.

"To ka nemo wani, kar in kashe wa mutum sana'a."

"Ke za ki yi. Hannunki bai yi laifi ba, bakinki ne, kuma wannan ba yau ya fara ba."

Ya yanko ƙyalle daga kayanta ya ɗaure mata hanci da baki. Ta faɗi wata magana a ƙarƙashinsa wadda ba wanda ya ji, ya ce wannan ce rana mafi daɗi a rayuwarsa. Suka sake daga farko, da ɗigon ƙarshe na kwalbar. Da aka liƙe robar ya naɗe abin ya sa a aljihu. Mai hoto ya zo Laraba yana roƙon a ba shi haka nan, don ya sami kwana biyu na gwaji. Amsar kun san ta. Ranar Alhamis aka ɗaga abin a hasken taga, babu kumfa ko ɗaya. Hoton da jaridar ta buga ranar Lahadi na mai tsaron gida ne a sama, ana iya ƙirga yatsunsa a kan ƙwallo. Sunan mai hoto ne a ƙasa, kuma har yanzu yana kan aikinsa.

Sai-Jibi, kai ne ka ƙi ba mutum kayansa da wuri don kada ka ba shi ƙarya. Kai ne da hannu ya ci amanarka ba ka tsaya makokinsa ba, ka je ka aro wani, ka haɗiye girman kai na shekara talatin a gaban yayarka. Na karanta tarihin manya da yawa, kaɗan ne a cikinsu suka iya wannan.

Mun gode, Sai-Jibi. Allah ya sauƙaƙa wa hannun nan, ya ba ka hutun da ka ƙi ba kanka. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, saura kwana goma sha ɗaya ya rufe. Ku je ku zauna ku kalli yadda yake aiki, ba ya korar mai tambaya. Ku dai kakkaɓe rigunanku a waje, kuma kada ku hura komai.