Ƙwaryar Geron Malam Isiyaku

Ranar Talata da hantsi Hadiza ta kira ni daga Zurmi. "Baba Hedimasta, abokinka ya cika," in ji ta. Na yi salati, na zauna, na kasa tambayar lokacin jana'iza.

Mahaifinta, Malam Isiyaku, ma'aikacin jinya ne mai ritaya, kuma tun muna ƴan firamare a Kaura Namoda muke tare. Shi da kansa ya fara gane cewa ciwon mantuwa ya kama shi. Bai ɓoye mini ba. "Wanga ciwo ba shi da allura," ya ce, "amma tsoron da ke biyo shi ana iya lallashinsa."

Tun hankalinsa bai gushe ba ya koya wa ɗiyarsa abin da za ta yi. Bayan la'asar, idan ya birkice yana neman takalmi wai zai tafi gonarsa ta Dauran, wadda rashin tsaro ya raba shi da ita, ba ta yi masa gardama. Sai ta ɗora masa ƙwaryar gero a cinya, ya nutsa hannuwansa ciki, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi.

"Baba, mi kaka ji?"

"Sanyin gero. Kukan kurciya. Numfashina."

Sannu a hankali kafaɗunsa su sauka. Na taɓa nuna masa cewa kurciyar da yake ji hasbiya ce. Ya yi dariya, ya ce, "Hedimasta, ba jarrabawa muke ba. Sa hannunka."

Na sa. Haka muka riƙa zama har lokacin da sunana ya ɓace masa. Geron bai warkar da shi ba, ni kuma ban iya yi masa komai ba face zama.

Abin da ban faɗa wa Hadiza ba sai ranar addu'ar uku shi ne, kwanan baya na tsaya a tsakiyar kasuwar Shinkafi na rasa abin da ya kawo ni, kuma likita ya tabbatar da abin da nake tsoro. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar, ta miƙa mini. Ƙwaryar tana gefena yanzu, amma mai cewa in sa hannu ya tafi.

Allah Ya gafarta wa Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da duk abin da ya manta a gidan Aljanna. Ya ba Hadiza da ƴan'uwanta juriya, Ya saka mata da alheri. Mu da muke baya, Ya bar mana kalmar shahada ko da komai ya tafi. Amin.