Wasiƙar da Kawu Ila Ya Tarar Cikin Gilashi

Duk telan Matameye da ya taɓa yi wa Kawu Ila ɗinki ya san rigarsa ba ta ƙarewa sai an yi mata aljihu ta ciki, daidai ƙirji, da maɓalli biyu. Ko ta Sallah ce. Ku da kuka san shi kun san dalili. Tun yana saurayi shi ne mai kai wasiƙun ƴan cin rani tsakanin Kano da ƙauyukanmu, kuma har ya koma ga Allah bai iya karanta harafi ɗaya ba, boko ko ajami. Da irin naɗin takarda da launin zaren da ya ɗaure ta yake gane ta wane ce. Ƙa'idarsa guda ce: hannu da hannu. Ba ya ba matar mutum, ba ya ba ɗansa, ba ya kuma tsayawa ya ji abin da ke ciki.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Sani, kuma na taso ina jin labarin rijiyar Yauri. Ya je da wasiƙar wani Habu mai haƙar rijiya, ya tarar mutumin yana can ƙasa yana aiki. Matarsa ta ce ya ba ta. Kawu ya ce, "Sunanki Habu?" Wansa ya ce to a sa cikin guga a zura masa. Kawu ya ce guga ba hannu ba ne. Sai da aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi, ya miƙa takarda, aka jawo shi da takalmi ƙafa ɗaya. Daga baya Habu ya ce ai gaisuwa ce kawai a ciki. Kawu ya ce shi bai tambaya ba.

Da salula ta zo ta kashe masa sana'a bai yi fushi ba, rikicewa ya yi. Na taɓa aika wa maƙwabcina Lawali saƙon murya a gabansa. Kawu ya ɗauki sanda ya fita gidan Lawali ya tabbatar, can sai ga shi ya dawo.

"Saƙon ya isa," ya ce. "Amma ni abin da ba wanda ya gamu da shi a hanya, hankalina bai kwanta da shi ba."

To, shekarar da idonsa ya fara hazo na kai shi Damagaram wurin likitan ido. Aka ce mu dawo bayan azahar. Rana ta yi zafi, ba inda za mu zauna, sai na tuna an buɗe wani nuni a wani zaure kusa, na takardun wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi tsayin daka kan haƙƙin talakawa tun muna yara, aka kulle shi a kaso, can kuma ya rasu. Na ce mu shiga, ko ba komai akwai fanka. Da na san abin da zai biyo baya, da gindin bishiya muka nema.

Tun daga ƙofa aka fara. Ya cire takalmi, ya yi sallama sau uku, ya tsaya jiran mai gida. Na ce, "Kawu, ba gidan kowa ba ne."

"To kayan wa aka baje?"

"Na marigayin."

Ya bi akwatunan gilashi yana leƙawa: tabarau, alƙalami, wata tsohuwar hula. Ya matso kusa da kunnena don kar a ji. "Har yau magada ba su yi rabo ba?"

Mai yi wa baƙi bayani wata matashiya ce, Madam Zara, mai fara'a. Ta ja mu wurin wani littafi a buɗe, ta ce nan marigayin yake rubuta abin da ke ransa, wanda ko matarsa ba ya nuna wa. Kawu ya juya wa akwatin baya nan take, kamar ya faɗa ɗakin surukarsa.

"Ɗiyata, ya ba ku izini?"

"Baba, ai ya rasu."

"Shi ya sa na tambaya. Wa ya ba ku?"

Ta dube ni, na dubi fanka. Ga mutane kuma sun cika wurin, kowa ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Kawu ya tambaye ni ko duk danginsa ne. Na ce a'a, masoyansa ne. Ya ce shi bai gane son da zai sa ka karanta sirrin mutum bayan ransa ba, amma mu je, ƙila gaba a fahimtar da shi.

Gaba ce ta kwance mana kaya. A akwatin ƙarshe akwai takarda guda da ambulan ɗinta a gefe. Madam Zara ta sassauta murya, ta ce wannan ce mafi daraja a wurin. A cikin kaso ya rubuta ta zuwa ga ƙanwarsa Habsu a Dawce, amma ba ta taɓa fita ba, sai bayan shekaru da yawa aka tsince ta cikin wasu tsofaffin takardu.

Kawu ya ce, "Ba ta fita ba?"

"Ba ta fita ba, Baba."

"Ita Habsun ta rasu?"

"Gaskiya ba mu sani ba."

"Kun je Dawce?"

"A'a."

"Daga nan zuwa Dawce akwai teku ne?"

Kawu ya naɗe ƙafa ya zauna a ƙasa gaban akwatin, ya kwance maɓallan aljihunsa, ya ce a buɗe a ba shi, gobe da hantsi tana hannun mai ita. Na durƙusa ina roƙonsa da Allah ya tashi, ina tuna masa likita. Ya ce ido ya jira, ai bai kai takardar nan daɗewa yana jira ba.

Aka kira darektan wurin. Mutum ne mai haƙuri, wannan kam na shaida. Ya tsuguna ya gaishe da Kawu, ya yi masa bayani a tsanake cewa takardar nan yanzu ta zama dukiyar ƙasa baki ɗaya.

"Sani," in ji Kawu, "duba bayan ambulan ɗin. Sunan ƙasa aka rubuta?"

Na ce Habsu aka rubuta.

"To, ranka ya daɗe, ka ji."

Darekta ya share gumi, ya shiga buro, wato ofishinsa, ya fito da wata takarda fara fat. Ashe suna da hoton kowace takarda a inji. Ya ce ga fotokofi, duk abin da ke waccan yana nan, ko ɗigo bai ragu ba. Kawu ya juya ta gaba da baya, ya shinshina, ya dubi ta cikin gilashin.

"Yanzu sun zama biyu ke nan?"

"Ɗaya ce, Baba."

"Da wannan da waccan duk ɗaya ne?"

"Babu bambanci."

"Madalla. To ku sa sabuwar a gilashi, ta fi haske ma, ku ba ni tsohuwar."

Har wasu daga cikin masu kallo suka ce ai da gaskiyar tsoho. Ni kaina da na yi lakwal na tsaya ina lalube a kaina, in ɗaya ne me ya hana, in ba ɗaya ba ne me ya sa aka ce ɗaya ne. Har yau ban gama warware wannan ba. Ƙarshe dai darekta ya ce ko da zai so, ba shi da ikon buɗe akwatin, aikinsa zai tafi. Wannan Kawu ya gane, don ba ya son a raba mutum da abincinsa. Ya sa aka naɗe sabuwar, aka sa a ambulan, aka rubuta sunan Habsu, darekta ya miƙa masa da hannunsa. Da muka fito la'asar ta wuce, likita ya tashi.

A mota bai ce da ni komai ba sai sau ɗaya, bayan mun yi nisa. "In ta rasu fa?" Ban taɓa jin tsoro a muryarsa ba sai ranar.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa Dawce. Habsu huɗu muka samu. Ɗaya jaririya ce, uwarta ta fito da ita a goye tana tambayar wa ya aiko mata. Ɗaya kuma ta ce ita ba ta da wa, amma in akwai wani abu a ciki za ta iya tunawa. Sai wani tsoho a gindin kuka, da ya ji sunan marigayin, ya ce ai wannan Habsun aure ya kai ta wajen Yauri tun da daɗewa, yana jin tana nan wurin jikokinta.

Muka nufi can, muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƴar tsohuwa ƙanƙanuwa, idonta ya fi na Kawu lalacewa. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya tambayi sunanta da na mahaifinta da na wanta. Da ya tabbata ya ciro ambulan ya sa a tafin hannunta, ya danne da nasa.

"Daga wanki. Ta yi latti, amma ba a hannuna ta yi ba. Kuma in gaya miki gaskiya, wannan ba ita ce ainihin ba. Ta ainihin tana Damagaram an rufe ta a gilashi, mutane na ɗaukarta hoto. Kar ki tambaye ni dalili, ni ma an yi mini bayani ban gane ba."

Ta ce, "Yayana ai ya rasu tun ina goyon fari."

"Ya rubuta kafin nan."

Ta shafa ambulan ɗin, ta ce wa zai karanta mata. Kawu ya nuna ni, ya tashi ya fita ƙofar gida. Ina hango shi ta zaure ya toshe kunnuwa da yatsu.

Na zaci zan tarar da manyan maganganu, irin waɗanda aka rubuta a bangon zauren nunin Damagaram. Babu ko ɗaya. Ya gaishe ta, ya tambayi gwiwar innarsu, ya ce kar a sayar da jar akuyar nan sai ta haihu. Ya ce yana cin abinci, kar su damu. A ƙasa kuma ya ce gwadon da ta aiko masa ya iso, shi yake rufa da shi, yana da ɗumi.

Ta ɗaga hannu. "Maimaita wurin nan."

Na maimaita.

"Ashe ya isa," ta ce. Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta ba ni labari cewa gwadon aurenta ne, ta ba wani direba ya kai, direban bai sake biyowa ta garin ba. Bayan wata biyu aka aiko da labarin rasuwar wanta. Tun daga ranar, duk shekara in sanyi ya shigo sai ta kasa rufa da kirki, tana tunanin ko a ƙasa ya kwanta ba mayafi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don wa za ta tambaya. Ta yi kuka kaɗan, ta yi dariya a kan akuyar, wadda ta ce tun a lokacin aka sayar da ita. Ni kuwa kunya ta kama ni, don na ga takardar nan a Damagaram ta cikin gilashi, na wuce ban ko tsaya na karanta ta ba.

Da Kawu ya dawo ciki bai tambayi komai ba. Ya ce, kamar yadda ya saba ce wa kowa, "Akwai amsa?" Sai da maganar ta fita ya tuna inda mai wasiƙar yake. Na ga ya daburce yana neman yadda zai janye ta.

Tsohuwar ba ta ba shi dama ba. "Akwai. Ka ce masa na ji, na gode. Ka ce Inna ba ta sha wahala ba."

Kawu ya gyara tsugunonsa. Sannan ya ce, "Na karɓa."

A hanya na ce, "Kawu, ka karɓi saƙon mamaci. Ta ina za ka kai?"

"Hanyar ce ban sani ba tukuna," ya ce. "Amma ai can muka nufa."

Na ɗauka raha ce irin tasa. Wurin likitan ido kuwa Kawu bai sake yarda mun koma ba, ya ce abin da ya rage masa ya gani ba shi da yawa.

Damina biyu bayan nan ciwo ya kwantar da shi. Ranar da zai cika, da hantsi, muna zaune kewaye da shi, ya kira ni da hannu. Na kai kunne ina zaton wasiyya ce a kan gona. Ya ce in sake faɗa masa sunan mutumin nan na gilashi, da sunan mahaifinsa, don wurin da mutane da yawa, kar ya ba wani. Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu, ya ce, "Na ji, na gode, Inna ba ta sha wahala ba. Haka ne ko?" Na ce haka ne, Kawu.

Allah ya jiƙan Kawu Ila, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da mutumin nan a inuwa guda, ya sauke abin da ya ɗauka.