Daminar da Na Riƙe Ƙafafun Nomau

Garinmu yana kusa da Hawandawaki, mu kuwa gidan maƙera ne. Abin da zan faɗa ya faru tun Nasara ba su taka ƙasar Tasawa ba. Da damina, da an yi magariba, Kaka takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ɗanyen haki don hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai faɗa, ba a gyara mata tatsuniya.

A waccan shekara gero ya kusa yanke mana tun sabo bai fid da kai ba. Ana cikin haka masassara ta kama ƙanena Nomau, ɗan shekara huɗu. Kansa zafi kamar garwashi, amma haƙoransa sai haɗuwa suke don rawar sanyi. Inna ta lulluɓe shi da luru biyu, ta jawo shi bakin wuta. Kaka ta tashi ta yaye lurun, ta bar masa zane guda, ta janye shi nesa da wutar.

"Kashe mini miji za ki yi?" in ji ta, da yake haka take kiransa da wasan jika. "Wuta na cikinshi, ki ƙara mashi wata?"

Ta kama ƙafafunsa ta sa a hannuna. Sanyi ƙalau, kamar ruwan randa. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ta ce, "Riƙe. In sunka yi ɗumi ki gaya mini." Sannan ta zauna ta ce, "Ga ta nan tafe, ku gyara mata wuri."

Wai akwai wani sarkin maƙera da ke zaune a can saman gari, ba ya saukowa. Daga ɗakinsa zaruruwa sun bi kowane gida, in ya ja sai gidan ya amsa. Rannan wani mugun baƙo ya shigo, wanda ba ya tsoron komai sai zafi. Sarki ya ja zare, ya ce gari ya yi sanyi, alhali rana na dukan ƙasa. Aka rufe ƙofofi, mutanen gefe suka taru a tsakiya, unguwannin baya suka yi sanyi. Masu zuga suka kama zugazugi har gari duka yana rawa. Mai zuga kuwa ba ya aiki da yunwa, sai aka yi ta ɗibar rumbu ana ciyar da su. Da baƙo ya ji wuya ya gudu, sarki ya sake jan zare, aka buɗe ƙofofi, aka yayyafa wa gari ruwa.

"Sarkin yana nan," in ji Kaka, ta dafa kan Nomau. "Zaren kau jijiyoyi na."

Na ce, "Kaka, in rumbu ya ƙare baƙon bai tafi ba fa?"

Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki. Ta jawo ƙwaryar kunu, ta shiga ɗura wa Nomau kaɗan-kaɗan da ludayi. Ta ce, "Shi ya sa ba mu bari shi ƙare."

Kwana uku muna haka, tana ɗura kunu, ina riƙe ƙafa. Ran na ukun, da magariba, na ji ɗumi yana shigowa yatsunsa, gumi ya keto masa har zanen ya jiƙe. Inna ta fashe da kuka. Kaka ta ce tatsuniya ta ƙare kan kusu, a kawo wa mijinta ruwa.

Kafin a yanki gero masassarar ta komo kan Kaka. Ba wanda ya sa ni, na je na riƙe ƙafafunta. Ta dube ni ta ce, "Saki, 'yar nan. Sarki na jan zare, amma rumbu ba kome." Ban saki ba, su ma ba su yi ɗumi ba. Kwana biyu ta yi, ta cika.

Sai da na haifi nawa Inna ta gaya mini inda kunun nan ya fito. Rabon Kaka ne. Tun kafin ciwon take cewa ta ci a maƙwabta, tana ɓoye nata saboda mu jikoki. Da ina yarinya na zaci tatsuniyar tana koya mana kada a rufe mai zazzaɓi kusa da wuta. Yanzu na san har da wani abu: in wuta ta kama jiki sai ta ci rumbu, in na mai ciwon bai isa ba, wani ne yake buɗe nasa.

Nomau yana nan, ya yi furfura a bakin maƙera. In na ji ƙarar zugazuginsa, kewar Kaka takan kama ni. Har yau ban gaya masa da geron wa yake zuga ba.