Sarewar da Baba Ya Ji

Duk ranar da jiniyar kawo wuta ta tashi a unguwarmu, sai wannan lamari ya dawo mini sabo fil. Ina jin ko gigin tsufa ya kama ni, shi ne na ƙarshen da zai bar kaina.

Muna yara mahaifinmu, direban babbar mota, ya sayo mana na'urar gem daga Legas, irin ta da ɗin nan da ake hura wa kaset iska kafin a soka. Cikin kaset-kaset ɗin akwai wani ƙarami ɗan Japan, wanda sai da adafta yake shiga. Baba ya rantse ya maya cewa da aka gwada masa shi a na'urar mai shago, ya ji sarewa a cikin kiɗan. Mu kuwa a tamu ban da ƙit-ƙit da bum-bum ba abin da ke fita. Har ya zama abin tsokana a gida: duk wanda ya zo da labarin da ba a yarda da shi ba, sai a ce ya ji sarewa.

Bayan rasuwar Baba na'urar ta koma hannun yayana, yana ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Da za a sauya rufin gidansa a Gawu Babangida, ya kawo mini ajiyarta ɗakin da nake haya a Kwamba. Ya ce, "Ka kunna in kana so. Amma wallahi ka kwance ko noti ɗaya, ni da kai ne."

Wata rana muna maƙale a cunkoson motoci na Madalla, na taso daga aiki, ina latse-latsen waya sai ga bidiyon wannan gem ɗin. Ga kiɗan da na haddace tun ina yaro, ga kuma sarewa tana bi ta kansa, tsaf. Mai bidiyon ya ce kaset ɗin na da abin kiɗansa a ciki, amma irin na'urarmu an yi ta ne don wasu ƙasashe, ba a haɗa hanyar sautin ba. Gyaran kawai a liƙa wani ɗan abu mai kama da ƙwayar shinkafa, wai shi resista, tsakanin wasu 'yan ƙafafun ƙarfe biyu a can ƙasan cikin na'urar. Gargaɗin Yaya ya faɗo mini, na ce a raina ai kwancewa daban, gyara daban.

Ranar Asabar na sayo ƙwayar nan, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa saboda haske, don mun kwana biyu ba wuta. Na kwance na'urar, na gasa ƙusa a kan risho zan narka dalma. Ina juyowa kazar maƙwabciyata, wata mai sayar da atamfa 'yar kudu, ta kai wa resista cafka ta haɗiye. Na bi ta da gudu muna zagaya rijiya.

"Oga, leave my fowl o!" in ji matar. "In kana son kayanka, sai ka jira gobe da safe."

Mai hankali da nan ya haƙura. Ni kuwa na ce ai hanya hanya ce, na yanko guntuwar waya na liƙa a gurbinsa. Ban san aikin ɗan abin nan shi ne rage wa sautin ƙarfi ba. Mijin matar, mai gyaran kayan wuta, bai ga abin da na liƙa ba. Ya dai ja mini layi daga batirin solarsa, ya kuma kinkimo lasifikar mawaƙan cocinsu, wai don mu ji sarewar da kyau.

Na hura kaset, na yi bisimilla, na danna. Abin da ya fito wata doguwar kuka ce, wiiiii, sak jiniyar da aka kafa a layinmu don sanar da an kawo wuta.

Unguwa ta ɗauka. Yara suka fasa ihu, "An kawo! An kawo!" Mata suka yi kan firji da injin markaɗe, wata ta fito da dutsen guga tana guɗa. Mai askin ƙofar gida ya kashe janareta yana tsakiyar aske wa wani dattijo kai. Aka yi ta danna makunni, ko ƙyalli babu. Daga nan aka biyo sawun ƙarar, kowa da abin da ke hannunsa, har ƙofar ɗakina. Dattijon nan ne a gaba, rabin kai tal, rabi furfura, ƙyallen aski na reto a wuyansa.

Bayansa kuma Yaya ne, ya zo ɗaukar ajiyarsa. Ya dubi na'urar a kife, cikinta a waje, notinanta a kofin shayi. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya zare wayar wuta, ya ce, "Abu ɗaya ya rage mana na Baba." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mijin maƙwabciyata ya leƙa aikina ya kama baki. Ya je ya ciro resista daga wata matacciyar rediyo, ya cire wayata ya liƙa shi. Ya ce, "My brother, ka yi addu'a. In kaset ya ƙone, ba ruwana."

Yaya ne ya danna da hannunsa. Allon talabijin ya yi baƙi, ya daɗe, ni kuwa ba addu'ar da ban karanta ba, har da ta shiga mota. Sai hoto ya fito, ƙit-ƙit ya fara, bum-bum ya biyo. Can a kansu wata siririyar murya ta taso, tana hawa tana sauka. Yaya ya zauna daɓas a kan tabarma, yana dariya hawaye na zuba.

"Ashe tsohon nan ya ji," in ji shi. "Ashe ya ji."

Dattijon ya shafa rabin kansa ya ce, "To, madalla. Yanzu wa zai biya mini man janareta a ƙarasa ni?"

Yaya ya tafi da na'urarsa a ranar, kuma har yau ko cokali bai ƙara ba ni ajiya ba. Ban ga laifinsa ba. Na koyi cewa amana ba a gyara ta da ƙusa, kuma abin da aka ce a sa, komai ƙanƙantarsa, akwai dalili. Amma babban abin da na koya shi ne, in babba ya ce ya ji abu, kada ka yi saurin dariya, wataƙila taka na'urar ce ba a haɗa ba. A gidanmu yanzu in aka ce mutum ya ji sarewa, ana nufin gaskiya ya faɗa.