Ogan Ɗin Abdulmuminu

Abdulmuminu bai taɓa yarda da kowa a kan ogan ɗinsa ba. Ogan shi ne fiyanon lantarkin nan na biki, kuma a Gadarif, nan gabashin Sudan, da zarar an yanke riɗi aure ya kankama, shi ake nema. Sautukan da ke ciki shi ya haɗa abinsa shekara da shekaru, har da kalangun wani tsohon makaɗi da ya je Showak ya naɗo. Ni maƙwabcinsa ne, amma in na matsa kusa da ogan ɗin, kallon ɓarawo yake mini. Tsoronsa ɗaya: a kwashe sautukan, a daina kiransa.

Atine, mawaƙiyar da yake yi wa kiɗa, ita ta kawo Mujtaba, wani ɗan Khartoum da yaƙi ya koro da kwamfutarsa, wai zai naɗi waƙoƙinta. Aka zauna a tsakar gida da hantsi, ni ma na jawo kujera don ganin ƙwaƙwaf.

Mujtaba ya fito da wayoyin jonawa biyu. "Ammi, baffana, wannan ta sauti ce, wannan kuma ta MIDI."

"Wacce ke zuƙe abin da ke ciki?"

"Wallahi babu. Ta MIDI ma ko sauti ba ta ɗauka. Wane maɓalli ka danna, da wane ƙarfi, khalas, shi ke nan."

Abdulmuminu ya jujjuya ta, ya leƙa 'yan ƙusoshin bakinta. "To ita kaɗai za ka sa, ya zol, bawan Allah. Waccan mayar da ita jaka."

A ganinsa ya yi wayo. Ni kuwa saurin yardar da Mujtaba ya yi ne bai kwanta mini ba. Ya jona mafitar ogan da kwamfuta, ya jona mashigarsa, ya buɗe sabon layi a manhajar, ya zaɓi sunan ogan, ya daidaita tashar ta zo ɗaya da ta na'urar. Atine ta ɗauki waƙa, Abdulmuminu ya saki hannu, ido ɗaya na kan wayar.

Da suka gama, Mujtaba ya danna wani abu. Sai ogan ya kama kiɗa shi kaɗai. Kalangun ne, da 'yar lanƙwasar nan da Abdulmuminu ke yi kafin amshi, wadda duk garin nan babu mai iya ta, ga shi kuma hannuwansa na kan gwiwa. Sauti yake ta gadi, ashe salon hannun aka ɗauka. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Atine ta matso. "Yanzu ko a wurin biki haka zai yi?"

"Tamam," in ji Mujtaba. "Da kowane ogan ma. Sautin ne kawai zai ɗan bambanta."

Abdulmuminu ya fizge wayar, kiɗan ya tsaya. Atine ba ta ko waiwayo ba.

"Mujtaba," ta ce, "ran Juma'a kana gari?"